Wankin Motar Uwaisu

Daura, ranar Lahadi

Zuwa ga aminiyata Sumayya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da Iya da duk mutanen Zango. Yaya laulayi, ya fara sakinki? Mu ma nan lafiya lau, sai ruwa da muke ta samu.

Kada ki yi mamakin ganin littafinki da wannan takarda a hannun Ikrima direba maimakon maigidana. Motar Yaya Uwaisu tana ajiye a tsakar gida yau kwana uku. Ni ce sila, kuma ba wanda ya sani sai Allah, sai ke yanzu.

Ranar Juma'ar waccan abin ya faro. Kin san halinsa. Wata bakwai da aurenmu, in na yi kwalliya sai ya tambaye ni ko biki ake yi a unguwa. Ni kuwa na gama karanta littafin nan naki, inda matar ta yi wa mijinta abin da bai zata ba har ya zubar da ƙwalla. Na ce ni ma yau sai na ga ƙwallar Uwaisu. Yana fita masallaci da ƙafa na ɗaure zani, na ɗauko bokiti da garin sabulu, na hau wankin mota.

Na wanke gilashi, na goge kujeru, na kwaso ɓawon gyaɗa kusan rabin kwano daga ƙarƙashinsu. Da na durƙusa wajen tayar gaba ta hagu na leƙa bayanta, sai na ga baƙin maiƙo ya yi faca-faca da wurin. Akwai wata roba mai ninki-ninki kamar zugazugin maƙeri, an naɗe ta da baƙar leda an ɗaure da robar cikin taya. Na ce a raina lallai maza ba su da kula, shara ta maƙale masa yana ta yawo da ita. Na sa wuƙa na yanke ledar. Robar a yage take ta gefe guda. Na buɗa yagar da yatsa, na sa tsohon buroshin haƙori da sabulu na dirje cikin, na ɗura ruwa buta uku har ƙarfen ya yi ƙyalli.

Da ya dawo bai yi ƙwalla ba. Ya zagaya motar sau ɗaya, ya ce Allah ya yi albarka, ya tambayi abinci.

Kwana shida ya yi yana jigilar fasinja tsakanin Daura da Baure cikin taɓo da yashi. Ranar Alhamis ya dawo ya ce motar tana ƙas-ƙas-ƙas duk lokacin da ya karya kwana. Ya leƙa, babu leda. Ashe, Sumayya, maiƙon nan giris ne, kuma shi ne ran wurin. Robar, wadda suke kira robar shaf, aikinta ta riƙe giris a gaɓar ƙarfen da ke juya taya, ta hana ƙasa da ruwa shiga. Da ta yage, abokinsa Suhaibu bakanike ne ya cika ta da giris ya ɗaure, kafin a samu sarari a canza ta.

Yanzu Yaya Uwaisu ya ɗora wa Suhaibu laifin, wai ɗaurin ganin dama ya yi masa, ledar ta faɗi a hanya. Ya je gareji sun yi cacar baki a gaban mutane. Suhaibu ya rantse ɗaurinsa ba ya kwancewa sai da wuƙa, shi kuma ya tambaye shi ko aljani ne ya biyo shi Baure da wuƙar. Ina tankaɗe yake ba ni labarin, rariyar ta kusa suɓuce mini. Mutanen nan tare suka tashi. Suhaibu ne babban abokin ango a bikinmu, shi ya zo sayen baki kika hana shi sakat. Yau ga shi Yaya Uwaisu ya ce ba zai ƙara taka garejinsa ba, zai gyara abarsa da hannunsa a gida.

Sau uku ina buɗe baki in faɗa, sai in ji kaina ina tambayarsa ko a ƙaro miya. Ki taya ni da addu'a. Kashi na biyun littafin ki riƙe shi tukuna, ba na iya karatu.

Ki gaishe mini da Iya da kyau.

Taki har kullum,
Siddiƙa

Daura, ranar Talata

Aminiyata Sumayya,

Assalamu alaikum. Ina fata kin tashi lafiya, da fatan ƙafar Iya ta yi sauƙi. Na ga amsarki, na kuma ga inda kika ce kin yi dariya har cikinki ya ƙulle. Ba komai, ina jiran ranar taki.

Jiya muka yi aikin. Ya sayo sabuwar roba, a kwalinta akwai ƙullin giris da maɗaurai biyu na ƙarfe. Ya aro jak da babbar sifana wajen Ikrima. A wayarsa akwai bidiyon wani bakanike da ke magana da yaren da ba mu ji, ni ce mai riƙe wayar, in tsayar in ya ce tsaya.

Da farko ya ce in shiga mazaunin direba in take birki, ya kwance babban notin da ke tsakiyar taya. Ban taɓa zama a wurin ba. Ina riƙe sitiyari sai na ga kaina a hanyar Katsina da baƙin tabarau, gyalena yana kaɗawa. Ban san na ɗage ƙafa ba sai da na ji yana tambayar Hajiya direba ko ta isa ne, ta dawo ta take masa birki.

Ya ɗaga motar, ya tokare ta da kututturen darbejiya don kada jak ya ci amana. Ya cire taya, ya kwance notunan ƙasa, ya ture ƙafar motar gefe, ya yanke tsohuwar robar, ya doki gaɓar da guduma har ta fita. Muka wanke ta da kananzir a tsohon kwanona. A cikinta akwai ƙwallayen ƙarfe guda shida, muka fito da su. Yashi da tsatsa suka kwanta a gindin kwanon. Ya ɗebo da yatsa ya nuna mini, ya ce in ga aikin Suhaibu. Na sunkuyar da kai ina goge ƙwallaye.

Wajen mayar da su yatsunsa suka yi kauri, in ya sa ɗaya sai ɗaya ta fito. Na karɓa, na karkata gidansu kamar yadda mai bidiyon ya yi, na jera su ɗaya bayan ɗaya. Ya cika gaɓar da giris, ya buga ta ta koma mazauninta, ya miƙe yana hamdala. Sai na hango sabuwar robar a kan tabarma, ko taɓa ta ba a yi ba. Ita ya kamata a fara zurawa a jikin ƙarfen kafin gaɓar. Na nuna masa. Ya dubi robar, ya dube ni, ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Ya ce daga yau ni ce oga, shi mai miƙo sifana ne.

Muka sake cirewa, muka zura robar, muka mayar. Ni na cusa sauran giris da hannuna, lallena na makon jiya ya tafi a banza. Ya matse maɗauran da filaya, ya mayar da taya, ya fita gwaji. Ƙarar ta ragu ƙwarai, sai in ya murɗe sitiyari har ƙarshe ake ɗan jin ta. Ya ce za ta kai mu bayan kaka in sha Allahu.

Sumayya, da ya dawo ya tsaya a gabana ya goge mini giris a kumatu da bakin rigarsa. Ya ce bai san irin matar da Allah ya ba shi ba sai yau. Maganar da na yi wata bakwai ina nema ke nan, ta fi duk waɗanda na ja wa layi a littattafanki daɗi. Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado, na kasa jin daɗinta.

Yau da safe aka aiko Hasana matar Suhaibu ta haihu, namiji. Yaya Uwaisu ya ce Allah ya raya, ya ci gaba da shan kokonsa. Na tambaye shi yaushe za mu barka, ya ce ba barka ba suna, kuma ni ma kada in je. Matar Ikrima ta shigo ɗazu ta ce direbobi biyu sun janye motocinsu daga garejin Suhaibu saboda maganar ɗaurin nan da ta bazu a tasha. Mutum yana da sabon jariri a ɗaki, ana ce masa maha'inci a kan ɗaurin da ya yi tsakani da Allah.

Ina tsoro, ba zan ɓoye miki ba. Wataƙila ya janye maganar jiya. Wataƙila ya yi mako bai kalle ni ba, kuma na san 'yan tasha za su daɗe suna tambayarsa ko uwargida ta wanke masa inji. Amma na ga dariyarsa jiya a kan nasa kuskuren, ita nake riƙe da ita.

Ki gaida maigidanki da Iya, ki ce ina yi mata sannu.

Yau in ya dawo daga Baure ya ci abinci, zan faɗa masa ni na yanke ledar, ni na wanke giris ɗin. Sannan in roƙe shi gobe ya kai ni barka.

Taki,
Siddiƙa