Sudar Bakin Rafi

Zakka, daren Alhamis, cikin watan Rajab

Yau ma suda ta kuɓuce mini. Inna ta ce in Hajo ta ci namanta bakinta zai buɗe, don ga shi an daɗe da yaye ta, ko "Baba" ba ta taɓa faɗa ba.

Tun hantsi nake cikin sarƙaƙiyar bakin rafi, ƙaya duk ta yage mini riga. 'Yar tsuntsuwa ce mai baƙin kai da farar gira, fukafukanta kamar jar ƙasa. Ba ta son hawa sama, sai sanɗa a gindin geza tana tsintar fara. Ina ɗaga baka sai ta shige duhu, ta kama fito mai zaƙi kamar da ni take. Na tsane ta. Me za ta yi da wannan baki duka, alhali 'yata ba ta da ko kalma ɗaya?

Da na dawo, Yaya Sambo ya ce, "Malam guda da bin tsuntsu?" Ban tanka ba, da mun ɓata.

Hajo ta tarye ni a zaure, ta buɗe hannuna tana dubawa. Babu komai a ciki, amma ba ta sake shi ba.