Iccen da Na Sa Aka Sare

Rillieux-la-Pape, 9 ga Oktoba

Zuwa ga ɗiyata Balkisa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Moctar da jikata Widad. Yaya sanyin Saint-Denis? Tarin Widad ya sake ta?

Kin daina ɗaukar wayata, shi ya sa na ɗauki biro. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san da furfura na koye shi.

Maganar iccen noix ce, mai 'ya'ya masu ɓawo mai tauri da ake fasawa a ci, biyun nan da marigayi babanki ya dasa a bakin jardan ɗinmu, lambun nan namu. Shekara biyu ke nan da na sa aka sare ƙaramin, kika yi kuka kika koma Paris ba sallama. Ni a ganina ba ya ba da 'ya'yan kirki, inuwarsa kuma tana kashe mini yakuwa. Na tashi cikin dabino, na san namiji daban, mace daban. Da na ga babban yana fitar da zangarniya kuma yana 'ya'ya, sai na ce ya ishi kansa.

Bara ya ba da kaɗan, na ce sanyi ne. Bana goma sha ɗaya na tsinta, iccen da ke cika mana buhu biyu. Musye Benjamin, tsohon da jardan ɗinsa ke jikin namu, ya bayyana mini. Garin zangarniyar babban yana zubewa tun furensa bai buɗe ba. Na ƙaramin ne ke zuwa a makare, iska ta kai masa daidai lokaci. Babanki ya san haka. Ni ban taɓa tambayarsa ba.

Ke ce da gaskiya. Na sayo dashe irin wancan. An ce a sa shi ƙasa cikin Nuwamba, kafin ƙasa ta daskare. Ki zo mu dasa tare.

Mahaifiyarki,
Fatsima

28 ga Nuwamba

Balkisa ɗiyata,

Ina gaishe ku, da fatan kowa lafiya. Ni da sauƙi, sai gwiwa.

Asabar uku ina sauraron ƙofa. Jiya aka ce sanyi mai tsanani na tafe, sai na ɗauki shebur ɗin babanki na haƙa ramin da kaina, gefen kututturen. Na sa dashen ciki, ya ɗan karkace. Musye Benjamin ya ce sai ya shekara biyar ko shida kafin ya yi zangarniya. Na lissafa shekaruna.

Ga goma sha ɗayan nan cikin kwali, ban fasa ko ɗaya ba. Ki fasa wa Widad, ki gaya mata na kakanta ne. Makullin jardan na biyu yana ƙasan kwalin. Dashen yana son ruwa duk bazara, ko ina nan ko ba na nan.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki,
Fatsima