Targaɗen da Na Rubuta wa Mamuda

Asabar, 5 Nuwamba 1988
Damben kaka a Tsiga. Ƙanena Mamuda ya fasa wa wani ɗan Danja baki, haƙora biyu a ƙasa, jini har ƙirji. A turmi na uku Mamuda ya kai naushi ya sami iska, sai ya dafe kafaɗa. Aka kawo mini shi ɗakin shan magani. Na latsa, ƙashi lafiya lau. Na rubuta targaɗe. Shekara tara ina aikin nan, duk abin da ba karaya ba haka nake kiransa.

Lahadi, 6 Nuwamba
Inna ta kira Maiwada maɗori, ta ce masa ni Yusufu na ce targaɗe ne. To, targaɗe ai ja ake yi. Mu huɗu muka danne shi, Maiwada ya taka masa hammata ya fizgi hannun. Mamuda da bai taɓa cewa wayyo a fage ba ya yi ihu har ya saki fitsari. Ni na riƙe ƙafar hagu.

Laraba, 16 Nuwamba
Hannun dama ya ƙi ɗaguwa. Ko wuƙar fawarsa ba ya iya riƙewa.

Juma'a, 18 Nuwamba
Na kai Mamuda Funtua, wurin Dakta Okwudili mai na'urar hoton tsoka. Ya shafa mai, ya goga kan na'urar a kafaɗa, ya nuna mini wani baƙin rami a gilashi. Jijiya ta tsinke gaba ɗaya. Wai da alama rabi ta yage a fage, jan ne ya ƙarasa ta. Ya ce, "Malam Yusufu, targaɗenku buhu ne, komai zubawa kuke." Ya ba ni takarda mai jerin sunayen ciwo: kumburi, rabin yagewa, tsinkewa, gocewar gaɓa. Wai daga Malumfashi har Dandume a riƙa kiran kowane ciwo da suna ɗaya. Ji mutum! Shi zai koya mini Hausa? Na cusa ta aljihu.

Asabar, 19 Nuwamba
"Yaya, kai ka sa aka ja ni." Mamuda ya narka mini naushin hagu a baki. Leɓe ya fashe. Ban rama ba.

Litinin, 5 Disamba
Wani manomi ya zo da ciwon kafaɗa. Na hana a ja masa, na tura shi Funtua. Takardar likita na bango yanzu. Ba don komai ba, akwai tsaga a wurin.
Yau ma ni na sa wa Mamuda riga.