Rigar da Inna Ba Ta Gama Ba

Ranar Litinin

Zuwa ga Baban yara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da yara da Gwaggo. Yaya sanyi a wajenku, yaya kuma gwiwar nan taka? Mu nan da sauƙi, alhamdu lillahi.

Jiya ka tambaye ni a waya ko na fara dangana, na yi shiru har ka ɗauka layi ne ya yanke. Ina jin ka sarai, maganar ce ta maƙale. Shi ya sa na ɗauko takarda. Ka san karatuna bai yi nisa ba, ka karanta da haƙuri.

Sai shekaranjiya na san Inna ta rasu. Za ka ce ai ina wurin, ni na riƙe hannunta a asibiti, ni na yi ta karɓar masu gaisuwa har muryata ta dushe. Duk wannan kamar a gidan maƙwabta ake yi ina leƙe. Shekaranjiya da hantsi ina sharar ɗakinta, na ɗaga matashin kujerar nan ta bakin taga, sai ga jakar saƙarta. Rigar sanyi ce mai ruwan toka take yi wa Baba. Ta gama jiki, ta gama wuya da hannu ɗaya, ɗayan ya tsaya a gwiwar hannu. Kwarashin na soke a tsakiyar layi da zare a jikinsa, yadda mutum ke ajiyewa in zai je ya duba tukunya ya dawo. Na tsaya da tsintsiya a hannu ina jiran ta dawo. Ban san tsawon lokacin da na yi ba. Sai na zauna a ƙasa.

To ga abin da ke damuna. Sanyin bana ya shigo da ƙarfi, kuma Baba ba shi da abin sawa. Tsohuwar rigarsa Inna ta warware ta, ta haɗa zarenta da sabo don wannan. Yaya ya aiko masa da wata kwat mai kauri, kyakkyawa, ya yi godiya ya rataye ta a ƙusa, har yau tana nan. In na yi magana sai ya ce shekara arba'in da ɗaya bai sa rigar sanyin kanti ba, ba zai fara da tsufansa ba, tasa tana hanya. Haka yake fita sallar asuba da riga ɗaya da mayafi a kafaɗa, ya dawo yana tari. Ka san Baba. Tsohon kafinta ne, in ya kafa ƙusa ba a cirewa.

Na yanke shawara zan ƙarasa rigar. Kada ka yi dariya. Na san ko maɓalli in na ɗinka maka sai ya faɗi kafin Juma'a, kuma Inna da kanta ta gaji da koya mini tun ina ƙarama, ta ce hannuna na wanki ne kawai. Amma rabin hannun riga ne, ba gini ba.

Ka ce wa babbar ta riƙa shafa wa ƙanenta mai a ƙafa, sanyi na fasa masa dunduniya. A gaida Gwaggo da ɗawainiya.

Matarka,
Auta

Ranar Asabar

Baban yara,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kun wuni lafiya, kuma tarin ƙaramin ya lafa. Saƙonka ya iso, na gode da safar, Baba ya karɓi tasa ya sa, don wai safa ba ta cikin maganar.

Na gwada saƙar. Kwana uku ina fama, yatsuna sun yi tsami, na samu layi biyar. Da na shimfiɗa a cinya sai na ga abin bai hau ba. Saƙar Inna ta kwanta gefe ɗaya, tawa ta kwanta ɗaya gefen, a tsakani kuma ga wani tudu kamar tabon ƙuna. Baba ya shigo neman butarsa, ya ɗauka ya kai bakin taga, ya shafa wurin da babban yatsa yadda yake shafa katako. Bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi nan ba hannunta ba ne, ya ajiye ya fita. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Jiya na kai wa matar nan mai shagon zare a kwanar titinmu, kusa da mai gyaran takalma. Mai Zare kowa ke ce mata. Ƙatuwar mace ce mai tabarau a kan hanci, bakinta ba birki. Shagon ɗan ƙarami, zare har rufi, ga murhun gawayi a ƙarƙashin tebur tana gasa ƙafa. Ta duba nawa layukan ta tambaye ni ko da ƙafa na saƙa. Sannan ta juya rigar ciki da waje, ta bi layin Inna da farce, ta ɗago ta kalle ni ta saman tabarau, wai me ya sa ban gaya mata marigayiyar bahaguwa ba ce.

Na ce sam, Inna da dama take cin abinci, da dama take rubutu, da dama take miƙa wa mutum abu. Ta ce ita ba ruwanta da cin abinci, zare ba ya ƙarya, wannan saƙa daga hagu ta taso ta nufi dama, kuma shekara talatin tana sayar wa Inna zare ba ta taɓa ganin ta riƙe kwarashi a gabanta ba, ashe dalili ke nan.

Baban yara, na fito daga shagon nan ban ga hanya ba. Shekara talatin da huɗu ina kallon matar nan tana saƙa. Na san waƙar da take yi a hanci, na san yadda take cije leɓe in zare ya harɗe, amma ban taɓa lura da hannun da ke riƙe da kwarashin ba. Sai yanzu nake tuna in baƙi suka yi sallama takan tura saƙar ƙarƙashin matashi. Na ɗauka ladabi ne. Kuma lokacin da take koya mini, gefenta nake zama ina kwaikwayo da dama, komai na fita a juye, ta yi ta tsaki. Ashe ba duka laifin hannuna ba ne. Ita ma ba ta taɓa gaya mini ba.

Mai Zare ta ce hanya biyu ce. Ko a warware hannun gaba ɗaya tun daga kafaɗa, ita ta sake shi da dama cikin kwana biyu, Baba ya sa rigarsa. Ko kuma in koyi saƙa da hagu, wanda a ganinta zan gama in Allah ya kai mu lokacin zafi. Na ce ba za a warware ba. Layukan nan su ne na ƙarshe da ta taɓa. Ta ce to, kan uwarki gare ki, ki zo Litinin.

Na gaji, bari in tsaya nan. A shafa mini kan yara.

Taka,
Auta

Ranar Laraba

Baban yara,

Assalamu alaikum. Da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da duk gidan. Na ji abin da ka ce a waya, in bar matar ta gama kawai, ƙirjin Baba ya fi layin zare. Gaskiyarka ce, ban musa ba. Kullum da safe nakan ce yau zan kai mata, in na ɗauko jakar sai in kasa.

Kwana tara ke nan ina zuwa shagon. Tunda Mai Zare da dama take yi, sai ta zaunar da ni gabanta, gwiwa da gwiwa, ta ce in ɗauke ta madubi, duk abin da hannunta na wannan gefen ya yi nawa na gefen ya yi. A kan tsohon zare nake koyo, ta hana ni taɓa rigar. Hannun hagu wawa ne, Baban yara. Kwarashin ya faɗi ya fi sau ɗari, sau ɗaya har cikin murhu. Matan da ke zuwa sayen zare sun mai da ni abin kallo, wata ta ce ko aljanu ne suka ce in yi da hagu. Mai Zare ta ce mata aljanun sun fi ta sanin aiki, ta biya ta tafi. Na yi dariya, karo na farko tun rasuwar, sai kuma na ji kunya.

Baba ba lafiya. Ranar Lahadi ya kwana da zazzaɓi, Yaya ya zo muka kai shi wajen likita. An ce sanyi ya sauka a ƙirji, an ba shi magani, an ce ya daina fita da asuba ba rufi. Ya ce to. Washegari na tashi na tarar da ƙofa a buɗe, kwat tana ƙusa. Yaya ya yi mini faɗa a tsakar gida, wai ni da Baba duk ɗaya muke, za mu kashe tsoho saboda tsumma.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Tun da aka yi rasuwar sallata ta zama kamar aikin gayya da ba kowa. Ina yi, ba na fashi, amma in na ɗaga hannu zan yi wa Inna addu'a sai bakina ya bushe. Ita ce mai dafa ruwan alwala ta zuba a fulas tun dare bai yi ba, yanzu ni ke yi, in zuba wa Baba, in zauna a kan darduma ina kallon bango. Ka sa ni a addu'a.

Shekaranjiya ina ba shi magani na tambaye shi ko ya san Inna bahaguwa ce. Ya dube ni kamar na tambaye shi ko ya san sunansa. Ya ce tun watan farko ya gane, daga yadda take murɗa wanki. Kakarta ce ta riƙa ɗaure mata hannun da ɗankwali tana yarinya har ta koma dama a komai, ban da saƙa, don ita a ɓoye ta koya. Wai ta taɓa tambayarsa ko laifi ne yana zuwa masallaci da rigar da aka saƙa da hagu, ya ce mata wanda ya ba ta dama shi ya ba ta hagun, kuma bai ga ranar da rigar ta hana shi ɗumi a sahu ba. Ya ce kuma ba da lissafi take ƙirga saƙarta ba, da tasbihi take yi, shi ya sa leɓenta ke motsi. Ni duk zatona zare take zagi.

Na gwada yin hakan jiya. Na rikice a tasbihin, na rikice a saƙar. Amma dai bakina ya motsa.

Mai Zare ta ce gobe zan iya taɓa rigar. A gaida kowa.

Matarka,
Auta

Ranar Juma'a

Baban yara,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da yara da Gwaggo. Allah ya sa takardar nan ta same ku lafiya. Wannan gajera ce, idona na ciwo.

Na warware layuka biyar ɗin nan nawa na dama, na soke kwarashin daidai inda Inna ta bar shi. A kwana bakwai na yi layi shida. Ba su kai nata kyau ba, wasu sun matse wasu sun saki, amma duk gefe ɗaya suka kwanta da nata. Sai dai tarin Baba bai jira ni ba. Ranar Laraba na ji shi daga kicin yana yi har da riƙe ƙofa, sai na ce ya isa. Na naɗe rigar na sa a jaka na ajiye a kan kujera, da niyyar gari na wayewa in kai wa Mai Zare ta warware ta gama. Na gaya wa Baba haka.

Da asuba na fito da fulas, ba Baba, ba riga. Jakar na nan a buɗe, an zare kwarashin an ajiye a kan matashi. Na tsaya bakin ƙofa har aka idar da salla. Can sai ga shi tafe a hankali tare da liman, rigar na jikinsa a ƙarƙashin ta sama, hannu ɗaya har wuyan hannu, ɗayan ya ɗan wuce gwiwa. Ya maƙale bakin saƙar da fil don kada ta warware. Zaren kuma bai yanke ba, ya bi da shi ta gefe ya cusa dunƙulen a aljihu. Haka ya shiga sahu.

Da ya zauna na ce Baba ai ba a gama ba. Ya miƙo hannun ya shafa wurin da saƙata ta haɗu da ta Inna, ya daɗe yana nema da yatsa. Ya ce ya samu, amma sai da ya nema. Ya ce ba mai warware masa komai, in ina son aikina in zo in same shi a jikinsa.

Kwana biyu ke nan bai cire ta ba, da ita yake kwana. Tarin ya ɗan yi sauƙi, ban ce ya tafi ba. Yaya ya zo ya gani, ya ɗauki kwat ɗinsa ya sa a mota. Da hantsi in rana ta shigo taga Baba kan zauna a kujerar Inna ya ɗora hannun a kan matashi, ni kuma in durƙusa in yi abin da ya samu kafin ya gaji. Jiya rabin layi muka yi, ya yi ta mita wai ina soka masa kwarashi.

Ka tambayi ranar dawowata. Ban sani ba tukuna, ka ƙara haƙuri, ka ba yara haƙuri. Ina kewarku ƙwarai. A gaida Gwaggo, a ce na gode, Allah ya saka.

Yau da safe Baba ya auna da yatsunsa. Daga inda na tsaya zuwa wuyan hannu saura taƙi ɗaya, ban saƙa shi ba.

Taka,
Auta