Ƙarshen Fim Daga Bakin Ƙofa

Ƙanwata,

Ya jikin Umma? Ƙafar Baba ta daina kumburi? Ki gaishe su da kyau.

Ni lafiya lau. Na samu aiki a gidan sinima. Daina murna, shara nake yi. Bayana yakan yi ciwo, amma kada Umma ta ji. 'Yan kallo ne ke ba ni haushi: fim ya ƙare, sun ƙi tashi, wai akwai ɗan guntun da ake sakawa bayan sunayen 'yan fim. Ni kuwa ina bakin ƙofa da tsintsiya. Kowane fim na san ƙarshensa, ban san farkonsa ba.

Kashi na uku na fim ɗin jaruminmu mai rufe fuska ya fito. Abokin aikina ya ce, "Kai da ka ishe mu da zancensa, shiga mana." Na ƙi. In lokacin shara ya yi, baya nake juyawa in toshe kunnuwa, har manaja ya tambaya ko lafiya.

Ki ɓoye min littattafan zanena. Kuma kada ki kalli fim ɗin sai na dawo. Ba ya min daɗi in ba kya kusa kina cewa mugun ya fi gaskiya.

Allah ya yi miki albarka.

Yayanki