Baba Ya Hana A Cike Kududdufi

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya sanyin Turai, ya Anti Rabi da yara? Mu a Kudan lafiya lau.

Na nuna wa Baba hoton tafkunan da kake noman gansakuka, na ce magani ake samu a cikinta. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Abin da Innarku ke kankarewa a randa?" Na ɗauka raini ne.

Jiya maƙwabta suka nemi a cike kududdufinmu a gina shago, ya hana. Wai gonarka ce in ka dawo. Na kasa gaya masa gansakukar cikinsa ba irin taka ba ce. Ka gaya masa da kanka, ko ka zo.

A sa mu a addu'a. Inna na gaishe ka.

Ƙanwarka,
Hadiza