Cittar da ta tsira a tsohon baho

Zuwa ga mahaifiyata, Mama Saratu,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi, cikin sunan Ubangijin da kike hutawa a wurinsa. Bayan haka, ina da labarin da na kasa riƙewa.

Kin tuna ranar da zan taho Kano koyarwa, kika cusa mini 'yan saiwoyin citta a jaka? Haka kike yi wa duk ɗan da zai bar gida. Na yi ta dariya. Na dai binne su a tsohon baho bayan ɗakina a Unguwar Gano, ina ɓantara in zan dafa shayi.

Ke ba kya maimaita citta a gona ɗaya. Bana citta, baɗi dawa ko wake. Kullum kina cewa, "Citta akwai ci, ku bar ƙasa ta huta."

Bayan rasuwarki, masu fitar da citta ƙasashen waje suka cika ƙauyenmu da manyan motoci. Yaya Yohanna ya sare itatuwan bakin rafi, ya yi ta shuka citta a wuri guda, kowa ma haka. Ban ga laifinsa ba, yara na makaranta. Sai cuta ta shigo. Ganye ya yi rawaya, in an tona sai ruɓa da wari. Irin gidanmu, wanda kika gada wurin kakarmu, ya ƙare kaf.

Kafin damina, Yaya Yohanna ya zo ganin likita a Gyadi-Gyadi, ya sauka a wurina. Ya zagaya baya, ya ga bahon. Ya durƙusa, ya tona da yatsa, ya zaro saiwa lafiyayya, ya shinshina. Mama, ƙaton mutum yana kuka a gaban baho! Gonaki iya ganin ido sun tafi, amma abin da nake ba ruwan wankin shinkafa yana nan da ransa.

Ya ƙi a sa bahon a bayan mota, a cinya ya riƙe shi har gida. Ya shuka a saurar nan ta bayan coci, babbar gonar kuma ya ba wake, duk da dillalai sun dame shi.

Jiya ya kira ni. Cittar ta tsiro, Mamana.

Ubangiji ya tsare ta daga cuta, ya ba mu haƙurin da ya ba ki, ya haɗa mu a ɗaukakarsa. Amin.

'Yarki mai kewarki,
Talatu